Gwani a Gem, Yaro a Guruf

(Kiɗan buɗe shiri)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kura da Karfi da Ɗan Hassan da Imawa, da na Bunkure da Barkum da Gurjiya da Kumurya, da maƙwabtanmu na Kadawa da Ciromawa. Wanda ke bakin kanal yana jiran ruwa ya iso fangalinsa, da wadda ke gaban tukunya tana turara shinkafa rediyo na rataye a jikin katanga, sannunku da aiki, Allah ya sa albarka.

Yau a kan waya za mu yi magana, amma ba faɗan nan da kunnuwanku suka gaji da ji ba, wai waya ta lalata yara. Tambaya ɗaya muka zo da ita: idan babba da yaro suka haɗu a cikin waya, wa ke gaba? Amsar tana ga inda suka haɗu. In a wasan intanet ne, wanda yara ke kira gem, amsarta daban. In a WhatsApp ne, ita ma daban. Iyaye da yawa sun yi wa abubuwan nan biyu kuɗin goro, duk danne-danne ne a wurinsu. Alhali wurare biyu ne, kowanne da dokarsa, kuma ɗanka yana shiga wannan ya fita wancan ba adadi tsakanin hantsi da la'asar.

Kafin mu shiga, akwai abin da ya bambanta yankinmu da sauran ƙauyuka, wanda in ba a faɗe shi ba zancen ba zai zauna ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shigo gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya daina zama lokacin zaman banza a nan. Wasu garuruwan samarinsu ke tafiya cin rani, mu wurinmu ake zuwa. Ga dashe, ga cirar ciyawa, ga tsinkar tumatir, ga lodin kwanduna a Kwanar Gafan, ga yankan shinkafa da bugu. Yaro ɗan shekara 15 in yana da himma, kaka ɗaya ta ishe shi ya tara kuɗin ƙwadago ya shiga Kano, ya je Farm Centre ya fito da Itel ko Tecno ta hannu. Ba babansa ya saya masa ba. To ka ga uban da bai ba da ko sisi ba, bakinsa yakan yi nauyi wajen cewa kawo wayar nan in gani. Sannan aikin namu yana da dogon zaman jira: jiran layin ruwa da tsakar dare, gadin injin ban ruwa, korar tsuntsayen jan-baki in shinkafa ta fara nuna. Yaro shi kaɗai a gona, ba babba kusa, waya a hannu. Wannan zaman shi gem ya zo ya cike.

Yanzu mu tuna yadda muka gaji sha'anin shekaru. A ƙasar Hausa wasa na tsara ne. Langa da kokawa, sa'a da sa'a. 'Yan mata a dandali, kowace da warinta. Dara ta dattawa ce a gindin bishiya, yaro yana iya tsayawa daga baya ya kalla, amma ko ya hango inda za a ci Malam, ba shi da bakin cewa ga shi nan. Ba ka kiran babba da sunansa gatsau. Ba ka zama a majalisar da yayanka yake zaune. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, suruki ya hango surukinsa ya sake hanya. Manya suna cewa yawan wasa da yaro shi ke jawo raini. Amma ku lura, al'adar nan ta bar ƙofofin shan iska. Jika yana tsokanar kakarsa ya kira ta matarsa, ta kore shi da muciya ana dariya. Taubasai suna yi wa juna tsiya ba a duba wa ya girmi wa. Wato Bahaushe ya san akwai amfani a wurin da ake ajiye girma na ɗan lokaci. Sharaɗin kawai shi ne, wanda za ka yi wannan wasa da shi an san shi, an san gidansu, kuma a gaban mutane ake yi.

Gem ya zo da wurin ajiye girma, amma bai zo da sharaɗin ba.

Mu ɗauki Free Fire, wanda kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya fitar a 2017. Abin da ya sa ya karɓu a wurare irin namu, ba ya neman babbar waya. Ana jefa mutum 50 a wani tsibiri, a yi ta fafatawa har sai mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ta rage, cikin kamar minti 10 an tashi. PUBG Mobile da ya fito a 2018 mutum 100 yake ɗiba, ya fi shan lokaci da batir. Call of Duty Mobile ya biyo baya a 2019. Masu son ƙwallo suna da eFootball na kamfanin Konami, wanda a da aka sani da PES, da kuma Dream League. A wasannin harbin nan mutum 4 ke yin tawaga. In abokanka ba su cika ba, na'ura ce za ta cike muku da duk wanda ta samu, ko daga Legas, ko Accra, ko wata ƙasar da ba ka san sunanta ba. Kuma kuna jin muryar juna kuna magana.

Me ake gani a jikin mutum a wannan wuri? Sunan da ya laƙaba wa kansa, da matakin da ya kai, da kayan da ya sa wa ɗan wasansa. Ba shekaru, ba sunan uba, ba gari, ba furfura. Saboda haka wanda ya fi iya wasa shi ne babba. Yaro ɗan shekara 13 mai saurin yatsa zai daka wa magidanci ɗan shekara 35 tsawa, “Kai, koma baya! Wa ya ce ka fito? Zo ka ɗaga ni!” Magidancin kuma ya bi, jiki na rawa, don in bai bi ba an kashe su duka. Da a kasuwar Karfi mutanen nan biyu suka haɗu, yaron durƙusawa zai yi ya ce, “Baba, ina wuni,” ya karɓi kayan hannunsa.

Ni ban ga laifin wannan gaba ɗaya ba, kuma ina so iyaye su ji ni da kyau. Akwai yaron da a gida shi ne ɗan aike, kowa ya taso shi yake aika, ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa ko a kan miyar dare. A cikin gem aka fara sauraronsa. A nan ya fara tsara wa mutane abin da za su yi kuma ya ga ya yi daidai. A nan ya tsinci Turancin da makaranta ba ta ba shi ba, ya koyi a ci shi ya haƙura ya sake shiga. Girman da ake samu a can ba a gadonsa, sai ka iya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar yaro, kuma shi ya sa in ka fizge wayar kake ganin ransa ya ɓaci fiye da yadda ka zata.

Nan ma akwai abin da manya ba su fahimta ba. Babba in yana gem, yawanci irin su Ludo King ne, lidon nan da muka sani wani kamfanin Indiya ya sa shi a waya a 2016. Yana yi ne don rage zaman jira, in aka yi sallama ya kife wayar, bai yi asarar komai ba. Shi kuwa wasan yaron ba a dakatar da shi, domin sauran mutanen da ke ciki na gaske ne, ba za su tsaya jiransa ba. In ka ce “kashe abin nan ka je ka tayar da inji,” ya kashe, to ya watsar da abokai 3 a tsakiyar fage, matakinsa ya sauka, gobe su ƙi ɗaukarsa. Wannan ba hujjar ƙin aike ba ce, balle ta jinkirta salla. Amma uban da ya san haka, maimakon tsawa, yakan ce, “Minti nawa ya rage? To in an tashi wannan kar ka shiga wani.” Ya sami aikensa, bai sayi gaba ba.

To ina matsalar? Ta farko baki. Manyan da ke cikin wasannin nan ba su san da yaro suke magana ba, wasu kuma sun sani ba su damu ba. Ashar da batsa kamar ruwan sama, ta cikin iyafis take shiga, kai da ke zaune kusa da shi ba ka ji. Ranar da ya ɗura wa ƙaninsa wata kalma a tsakar gida sai ka riƙe baki kana tambayar a ina ya samo. Ta biyu, sabo da yi wa babba tsawa yana bin yaro ya fito. Wanda ya kwana yana ce wa sa'o'in babansa “kai ba ka iya ba,” da safe in yayansa ya riƙe tiyo ba daidai ba, harshen nan ne zai kuɓuce masa. Ba lallai rashin tarbiyya ba ne, mantuwa ce ta inda yake. Aikin iyaye shi ne tunatarwa: can gwani kake, nan ƙane kake. Ta uku ita ce murya. Suna yana ɓoye shekaru, murya ba ta ɓoyewa. Da yaro ya buɗe baki an gane shi. Daga nan mutane sukan kasu biyu: masu yi masa dariya su kore shi, abin da ke koya masa ƙaryar shekaru, da masu jawo shi jiki fiye da kima. Waɗannan na biyun za mu dawo kansu.

Af, kafin in manta. Gidan gem na cikin gari, inda ake biya a buga ƙwallo a PlayStation, shi ba ya cikin wannan lissafi. Can ana ganin fuska, don haka shekaru suna nan daram, har ma manyan samari kan ƙwace wa ƙanana layi. Abin dubawa a can shi ne sa kuɗi a kan wasa, wanda daga naira kaɗan yake farawa ya zama caca. Kun dai ji yadda Hukumar Hisbah ta Kano ta bi shagunan caca tana rufewa a 2024. Na cikin waya kuwa ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda babba da yaro ke cuɗanya a cikin waya. Mun leƙa gem, yanzu sai WhatsApp.

Nan al'amarin a juye yake. WhatsApp da lambar waya ake shigarsa, lamba kuwa tana da mai ita. An san Alhaji ne, an san Baffa ne, ga hotonsa da babbar riga. An ƙirƙiro manhajar a 2009, Facebook ya saye ta a 2014, amma abin da ya shigo da dattawanmu ciki shi ne saƙon murya da aka ƙara a 2013. Daga ranar ba sai ka iya boko ba. Dattijon da ajami kaɗai yake karantawa, da Hajiyar da ba ta taɓa zama a aji ba, kowa ya danna ya yi magana. Suka shigo da gaisuwarsu cikakkiya: “Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da tsuntsu, ya ruwan naku ya samu kuwa?” Sai an yi minti 2 kafin a zo kan abin da ya kawo shi. Yaron da aka aika wa ya saurara, ya mayar da “ok”, ko ya tura hoton babban yatsa. A wurinsa ya amsa, har ya yi tattalin data. A wurin Baffa kuwa an watsa masa ƙasa a ido. Ga kuma shuɗɗan layukan nan biyu da aka kawo a 2014, masu nuna an karanta saƙo. Sun haddasa ƙorafi a cikin dangi ba kaɗan ba: “Ya gani fa, ya ƙi amsawa.”

Samari, wannan taku ce. Wanda ya girme ka in ya yi maka saƙon murya, mayar masa da murya, ka fara da gaisuwa. Daƙiƙa 20 ba za su cinye maka data ba. Dattawa, ku ma ga taku: gajartar amsar yaro ba kullum raini ba ce, haka suke yi wa junansu.

Sai guruf na dangi, inda abin ya fi armashi. An tara kaka da jika, uba da ɗan fari, suruki da surukinsa, uwar miji da matar ɗa, duk wuri ɗaya, mutanen da al'ada ta yi shekaru tana raba musu wurin zama. Me ya biyo baya? Yara suka yi gum. In ba “amin” ba, ko “Allah ya jiƙan rai”, ko “Allah ya raya”, ba ka jin ɗuriyarsu. Sai su koma gefe su buɗe wani guruf ɗin ba babba ko ɗaya, can ake hirar gaske. Dattijo yana ganin ya tara zuriyarsa ana zumunci, bai san jawabi yake yi su suna sauraro ba. Abin dariyar kuma, admin ɗin guruf ɗin sau da yawa shi ne ƙaramin cikinsu, don shi ya iya buɗewa. Autan gida ke da ikon shigo da Kawu ko fitar da shi. A da in mutum ya fice daga guruf kowa sai ya gani, ya zama abin magana har a wurin suna. Tun 2022 WhatsApp ya gyara, admin kaɗai ke samun labari. Mai yiwuwa waɗanda suka yi gyaran ba su san alkunya ba, amma sun yi mata aiki.

Inda shirun yara ke zama illa shi ne wurin saƙon ƙarya. Waɗanda suka yi wayo za su tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, daren da aka yi ta tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka. Wa ya yaɗa? Masoya ne, iyaye da 'yan'uwa masu son su tsirar da nasu. Har gobe haka abin yake tafiya: ga fom na tallafin taki a cike kafin jibi, ga rancen manoma a danna nan, ga haɗin maganin da ke kashe sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda tun 2019, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo, amma dattijo bai san ma'anar kibiyar ba. Jikansa ya sani. Ya san fom ɗin na 'yan damfara ne. To ta yaya zai ce wa Kawu abin da ya turo ƙarya ne, a gaban mutum 60, har da surukan Kawun? Sai ya yi shiru, ƙanwar babansa ta je ta cike fom ɗin ta ba da lambar asusunta.

Hanyar tana nan, kuma tsohuwa ce: ba a gyara wa babba a bainar jama'a, kewayawa ake yi. Ka kira shi, ko ka je har gida.

“Kawu, barka da yamma. Saƙon nan na tallafi da ka turo, na bi diddiginsa, sai na ga kamar masu damfara ne suka shirya shi. Na ce bari in sanar da kai, kar a cuci wani a ce ta hannunka ya samu.”

“To, to. Madalla da ka duba, ɗan nan. Yanzu ya za a yi?”

“In ka yarda in nuna maka yadda ake gogewa, sai kai da kanka ka faɗa musu a dakata.”

Kawu ya fita da girmansa, dangi sun tsira da kuɗinsu. Kuma dattawa, in yaro ya zo muku da irin wannan, kar ku ce wa ya aike shi. In kuka kore shi sau ɗaya ba zai sake zuwa ba.

Ku lura da wani abu. A gem, yaro ne a bakin haɗari. A WhatsApp, sau da yawa babba ne. Masu sace WhatsApp ɗin mutane ta hanyar kira su ce an shirya taron ƙungiya, za ka ga lambobi 6 sun shigo wayarka, karanto mana, sun fi samun sa'a a kan dattijo, domin shi in aka yi masa sallama cikin ladabi aka kira shi Alhaji, aka ambaci sunan ƙungiyarsu, ya gama yarda. Da ya karanto lambobin an ƙwace, sai a bi abokan huldarsa ana roƙon kuɗi da sunansa. Maganin yana cikin manhajar: akwai wurin sa lambar sirri ta biyu. Wa zai sa masa? Ɗansa.

Wannan ya kawo mu ga wani sauyi da ba a cika magana a kai ba. Yaro ya zama magatakardan babansa. Shi ke duba nawa kwando ya kwana a Kwanar Gafan, nawa aka sayar a Mile 12 ta Legas. Shi ke ɗaukar hoton ganyen da ya ƙone a tura wa malamin gona. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, shi ke karanta alat. Ya san nawa dillali ya turo, ya san bashin da ake bin gidan, ya san abin da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. A da sai mutum ya yi aure ya hayayyafa kafin uba ya buɗe masa irin wannan. Yanzu ɗan shekara 16 ke riƙe da shi. Uban da ya ɗora wa ɗansa wannan amana, ya kamata ya zaunar da shi ya gaya masa amana ce. Kuma ya sani, wanda ka ba sirrin aljihunka ba ka yi masa tsawar ɗan yaye ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu ga wurin da na fi so iyaye su buɗe kunne. Ba gem ɗin ne ya fi ba ni tsoro ba, ba kuma WhatsApp ba. Tsakaninsu ne. Ku manoman rani kun san ruwa yana iya cika babban kanal yana ta wucewa, bai taɓa shukar kowa ba, sai an ɗaga ƙofa ya shigo gona. Baƙon cikin gem haka yake, ana tashi wasa ya wuce. Ƙofar ita ce kalma ɗaya: “Turo min lambarka.” Da yaro ya tura, mutumin da ba a san shekarunsa ba, ba a san garinsu ba, ya shigo inda hoton yaron yake, da sitatus ɗinsa, da dare da rana. A gem akwai sauran 'yan tawaga suna ji. A nan su biyu ne.

Ba duk wanda ya nemi lamba ne mugu ba, akasari yara ne 'yan'uwansa masu son su haɗu gobe su sake bugawa. Amma mai mugun nufi yana da take-take, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yakan fara da kyauta: ya saya wa yaro dayamon, kuɗin cikin wasan da ake sayen kaya da su, ko ya turo masa data. Yakan yabe shi, kai ka fi sa'o'inka hankali. Sai ya ce kar ka gaya wa kowa. Sai neman hoto. In ka ga ɗanka da kayan gem masu tsada ko datar da ba ta ƙarewa, alhali ka san abin da ƙwadagonsa ke kawowa, kuma ka san kuɗin data ya tashi tun da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, to ka tambaya. Cikin lalama, ba da bulala ba. Yaron da ya san duka zai sha ba zai faɗa ba, mai cutar da shi kuma da wannan tsoron yake riƙe shi. Kar kuma a ce ai namiji ne. Maza ma ana lalata su.

'Yan mata ba su cika shiga wasan harbi ba, tasu ƙofar daban ce. A da mai son yarinya sai ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ƙannenta su gan shi, unguwa ta san da zuwansa, in sa'an babanta ne kowa ya gani. Yanzu daga guruf na biki ko na ajin Islamiyya ko na karatun littattafan soyayya ake tsintar lamba. Iyaye mata, akwai wurin da ake saitawa a WhatsApp cewa ba mai jefa yarinya a guruf sai wanda ke cikin lambobinta, haka hotonta ba mai gani sai su. Minti ɗaya ake yi. In ba ki iya ba, yayarta ta iya.

Wasu ƙasashe da doka suka tunkari abin. A 2021 Sin ta ce ɗan ƙasa da shekara 18 awa 3 kacal zai yi a wasan intanet a mako, awa ɗaya-ɗaya ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Ostireliya ta hana 'yan ƙasa da 16 riƙe shafi a manyan kafafen sada zumunta daga Disambar 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharaɗi: sai ya zama mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya ture karatunsa da aikinsa da zamansa da mutane, kuma abin ya ɗauki kamar shekara. Don haka ba duk yaron da ke son gem ne mara lafiya ba, a daina saurin yanke hukunci. Shi kansa WhatsApp a ƙa'idarsa sai ɗan shekara 13. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba dokar da za ta bi yaro bakin kanal ƙarfe 2 na dare.

Wanda zai iya bin sa yana cikin gidanku, kuma a ganina ba uban ba ne. Ku tuna samarin da suka yi tashen 2go wajen 2011 zuwa 2013, a ƙananan wayoyin Nokia, suna shiga ɗakunan hira da sunayen ƙarya da shekarun ƙarya, suna kwana hira da wanda ba su taɓa gani ba. Yau su ne 'yan shekara 30 da ɗoriya. Su ne Yaya, su ne ƙaramin Kawu, su ne Anti. Sun san daɗin abin, sun san ramukansa, wasunsu sun faɗa sun fito. Yaro ba ya jin nauyinsu kamar yadda yake jin na mahaifi, kuma ba zai iya yi musu wayo ba. Maigida, maimakon ka ƙwace wayar da ba ka san ta inda ake buɗe ta ba, kira ƙaninka ka ce, “Ga ɗanka nan, ka riƙa duba min shi.” Shi kuma ya zauna su buga tare, ya bari yaron ya ci shi ya yi masa dariya, a cikin hira ya ji su wa yake wasa da su, wa ya nemi lambarsa, wa ke masa kyauta. A Play Store kowane gem yana da alamar shekarun da ya dace da su, ya duba. In yaron ƙarami ne sosai, akwai manhajar Family Link ta Google da ake ƙayyade lokaci da ita.

Abu na ƙarshe, layin da ke cikin wayar. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Yawancin layukan da ke hannun yaranmu da sunan uba ko uwa ko yaya aka yi musu rajista. Duk abin da aka aikata da layin, zagi ne, damfara ce, yaɗa hoton wani ne, sunan da ke kan rajistar shi za a fara nema. Saboda haka ko da kuɗin tsinkar tumatir ɗinsa ya sayi wayar, in layin naka ne kana da bakin magana, kuma ka gaya masa haka tun ranar da za ka miƙa masa.

Lokaci ya cim mana. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa a tashi lafiya, Allah ya ba da ruwa mai albarka. 

(Kiɗan rufe shiri)